Yadda Ake Lissafi Kafin a Sayi Gidan Haya

Mutane da yawa a Kano, Kaduna da Abuja na ganin babu ajiyar da ta kai gida, domin ga kuɗin haya duk shekara, ga daraja tana ƙaruwa. Gaskiya ne, amma kuɗin da dillali ya faɗa maka ba shi ne kuɗin gidan ba. Akwai la'ada, akwai takardu, akwai gyara, kuma idan da bashi za ka cika, akwai nauyin bashin. Wanda bai tattara waɗannan a takarda ɗaya ba, zai iya mallakar gida ya kuma rasa riba. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mataki na farko shi ne bincike, tun kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, shi ya sa takardar mallaka da gwamnati ke bayarwa take da wa'adi, yawanci shekara 99. Ka karɓi lambar takardar, ka sa lauya ya duba ta a hukumar filaye: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja. A nan za a gane ko sunan mai sayarwa ne a kai, ko an jinginar da gidan a banki, ko ana binsa harajin ƙasa. Idan gidan gado ne, ka nemi takardar rabon gado daga kotu, kuma kowane magaji ya sa hannu. Ka tambayi mai unguwa da maƙwabta ko akwai rikicin iyaka. Shaidarsu tana da amfani ƙwarai, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma.

Mataki na biyu, ka tsayar da maganar la'ada kafin a yi sallama. A wurare da yawa kashi 5 cikin ɗari ake ambata, sai dai al'ada ta bambanta daga gari zuwa gari. Ka tambaya a fili: nawa ne, wa zai biya, kuma dillalai nawa ne a cinikin? Sau da yawa wanda ya kawo ka daban, wanda ya san mai gida daban, kowa yana jiran rabonsa. A rubuta cewa la'ada ɗaya ce, su raba a tsakaninsu. Haka ma ladan lauya, a yanke shi tun farko.

Mataki na uku shi ne kuɗin takardun gwamnati. Bisa doka, sayar da gida mai takardar mallaka ba ya cika sai da amincewar gwamna. Wannan yana da kuɗinsa, ga kuɗin hatimi, ga na rajista, wani lokaci har da na awo. Kowace jiha da farashinta, kuma takan lissafa ne bisa darajar da jami'anta suka yi wa gidan. Ka je ofishin ka karɓo lissafin a rubuce, ka biya ta banki, ka adana rasit. Mutane da dama na tsallake wannan mataki don gudun kashe kuɗi, su ajiye takardar ciniki kawai. Ranar da za su nemi bashi da gidan, ko su sayar wa mai lura, a ranar suke gane cewa sunan wani ne har yanzu a rajista.

Mataki na huɗu, ka kai magini da mai aikin wuta da mai famfo su duba gidan. Rufi, masai, wayoyi da ruwa su ne ke cin kuɗi. Ka kuma duba ko akwai tsohon bashin wutar lantarki a kan mitar, don yakan faɗo wa sabon mai gida.

Mataki na biyar, ka zauna ka haɗa lissafi. A matsayin misali, a ce gida naira miliyan 30 ne. La'ada miliyan 1.5, lauya da takardu da gyara miliyan 4.5, ka ga ya zama miliyan 36. A ce haya miliyan 2.4 ce a shekara. Ka cire dubu 600 na gyare-gyare, ladan mai karɓar haya, da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Saura miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin ɗari na abin da ka zuba. Idan hayar ba ta ƙaru ba, sai bayan shekara 20 kuɗinka zai dawo.

Mataki na shida shi ne tambayar inda kuɗin zai fito, kuma a nan ne aka fi yin asara. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sukan ɗora nasu a kai. Ko da a kashi 25 ka ranci miliyan 12, ruwan shekara ɗaya kaɗai miliyan 3 ne, ya zarce hayar gidan gaba ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai hanyoyi masu sauƙi. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, yana karɓar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, yana ba da rance a kashi 6, ana biya har tsawon shekara 30. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta ba ma'aikaci damar amfani da kashi 25 na ajiyarsa a matsayin kuɗin farko na lamunin gida. An yi waɗannan ne don mutum ya samu matsuguni, saboda haka ka tambayi sharuɗɗansu kafin ka sa su a lissafin haya. Wanda ke gudun riba ta haram yana da bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ da Lotus, masu tsarin murabaha da ijara. Su ma suna da ribarsu da kuɗin hidima, don haka ka nemi jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, da abin da zai faru idan ka makara. Idan kuwa haɗin gwiwa za ku yi da ɗan'uwa ko aboki, ku rubuta kason kowa a gaban shaidu.

Mataki na ƙarshe, ka biya ta banki zuwa asusun mai gidan kansa, ka karɓi takardun asali a zama ɗaya. Kada ka zuba duk abin da ka mallaka. Ka bar aƙalla kwatankwacin hayar rabin shekara a gefe saboda gyaran gaggawa. Idan bayan duk wannan lissafi hayar ba za ta iya ɗaukar bashin ba, ka haƙura da gidan, ka nemi ƙarami wanda aljihunka zai iya.