Amsar Tambaya: Daga Filin Haɗejiya Zuwa Super Eagles

Wani uba daga Haɗejiya ya rubuto cewa ɗansa yana neman barin makaranta da gonar shinkafa saboda ƙwallo, ko akwai fatan ya kai Super Eagles?

Malam, fata kam akwai, amma ƙofar tana da ƙunci ƙwarai, domin yaron da ya gagari tsararrakinsa a busasshiyar fadama bayan janyewar ruwa, ba takalmi, sai ya fara samun gurbi a ƙungiya irin Jigawa Golden Stars ko Kano Pillars, ya jure zaman benci da jinkirin albashi, kafin mai horar da 'yan wasan ƙasa ya ji ko sunansa.

Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a Pillars a kakar 2009/2010, ya wuce Holan, daga bisani ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a rigar Super Eagles a 2014. Sai dai irinsa nadiran ne, kuma raina yana sosuwa da waɗanda rauni ya mayar gida ba sana'a.

Shawarata, kada ka hana shi, kada kuma ka yarda ya ajiye karatu. Ku yanka wa'adin shekara biyu, kuma duk dillalin da ya nemi kuɗi kafin gwaji, ka sallame shi tun daga zaure.