Amsoshin Tambayoyinku: Yarinyar da ta daina cin abinci

Wata uwa daga Kurfai, kusa da Filinge, ta aiko tana tambaya: ɗiyarta 'yar shekara 15 ta daina taɓa tuwo, ko fura sai an matsa mata, ta rame, kullum tana ɗaka ba ta magana. Shin iskoki ne?

To Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Ba lallai iskoki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. A binciken da Eric Stice, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, ya wallafa a 2000, 'yan matan da ke ƙyamar surar jikinsu suna takura cin abinci sun fi faɗawa ciwon damuwa daga baya. A wajenmu ma akwai masu haɗiyar maganin ƙiba don gudun gori, kuma shi ma haɗari ne.

Ki fara kai ta asibitin Filinge a duba jini da zazzaɓi. In babu komai, a tura ku sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Yamai. Kada a yi mata faɗa a gaban kwano. In ta ambaci mutuwa, kada ku kwana ba ku kai ta asibiti ba.