Cin Zarafin Ma'aikatan Haƙori a Bakin Aiki: Nazari Daga Bata, Kano

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Wannan maƙala za ta dubi irin saɓanin da kan auku tsakanin mai ciwon haƙori da mai yi masa magani, har ya kai ga zagi ko barazana ko duka. An ɗauki Bata a matsayin fagen nazari, watau mahaɗar nan ta Kano da ta samo sunanta daga kantin takalma na kamfanin Bata. A nan Fagge, tsohon zangon ayarin Buzaye, ta yi iyaka da Sabon Gari, unguwar da Turawa suka keɓe wa baƙi a farkon mulkinsu. Manufar nazarin ita ce a nuna cewa galibin wannan cin zarafi da baki yake farawa, saboda haka ya shafi ɗalibin harshe kamar yadda ya shafi likita.

2.0 Daga Wanzami Zuwa Likita

Kafin zuwan asibiti, cire haƙori yana cikin ayyukan wanzami, tare da aski da ƙaho da kaciya da cire beli. Wanzami ba baƙo ba ne ga wanda yake yi wa aiki. Gida kan gaji wanzaminsa. Shi ya yi wa uba askin suna, shi ko ɗansa zai yi wa jika. Sana'ar tana da shugaba, watau Sarkin Aska, wanda ake kai wa ƙara. Ga kuma tsoron asirin da ake jin wanzamai suna da shi. Sanayya da shugabanci da kwarjini, su ne katangar da ta tsare wanzami daga wulaƙanci.

Ma'aikacin haƙori na zamani bai gaji wannan katanga ba. Likita da nas da mai wankin haƙori da mai ba da kati, duk suna aiki ne a kan mutanen da ba su taɓa gani ba. A wuri irin Bata, inda 'yan kasuwa da matafiya da leburori ke cuɗanya, ana jin Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka, rashin sanayyar ya fi tsanani. Wanda ya san ba za a kai ƙararsa wurin dattijon unguwa ba, bakinsa ya fi saurin kuɓucewa.

3.0 Ire-iren Cin Zarafi

Harshen Hausa ya bambance matakan wannan hali filla-filla. Akwai tsaki da harara, waɗanda ba su buƙatar kalma. Akwai gatse da habaici, alal misali mai jinya ya ce, "Ai sai ku bari ya mutu, sa'an nan ku duba shi." Daga nan sai tsawa da zagi da ashar, sai barazana, sai cin kwala da mari. Akwai kuma nau'in da ya fi addabar ma'aikata mata, watau maganganun batsa da taɓa jiki. Aikin haƙori yana tilasta wa ma'aikaciya ta sunkuya daf da fuskar majinyaci, a ɗan ƙaramin ɗaki, kusa da faranti mai ɗauke da allura da awartaki. Wannan kusanci ne ya sa haɗarin ya zarce na mai ba da magani ta taga.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin 100 na ma'aikatan lafiya kan sha duka ko makamancinsa a tsawon aikinsu. Wani bincike da Azodo da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, a kan ma'aikatan haƙori a kudancin Nijeriya, ya gano cewa kimanin kashi 32 cikin 100 sun fuskanci cin zarafi. Tsawa ce ta fi yawa, majinyata da danginsu ne suka fi aikatawa, kuma dogon jira ne babban sanadi.

4.0 Dalilai

Dalili na farko shi ne zuwa asibiti a makare. Sabon Gari ya daɗe da shahara wajen cinikin magunguna, saboda haka mai ciwo kan fara da ƙwayar kashe zafi, ko kanumfari, ko ruwan gishiri. Sai kumatu ya kumbura, barci ya gagara, sa'an nan ya nemi likita.

Dalili na biyu ya samo asali daga na farko. Idan dasashi ya yi ruwa, allurar kashe zafi ba ta kamawa sosai, wani lokaci ma baki ba ya buɗuwa. Likita kan ga ya fi dacewa ya rage kumburin tukuna, ya ce a dawo. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya rufe rumfarsa, ya yini a layi, abin da kunnensa ya ji shi ne an kore shi.

Dalili na uku shi ne kuɗi. A kasuwa taye da ragi al'ada ce. A asibiti kuwa kuɗin hoto daban, na cirewa daban, na magani daban. Idan ba a faɗa tun farko ba, sai a zargi ma'aikaci da cuta.

Na huɗu shi ne harshe. Likita ya yi karatunsa da Turanci, kuma ba kowane ne ya san yadda zai bayyana aikin jijiyar haƙori da Hausa ba. Ƙin gaisuwa, ko kiran dattijo da "kai" tsurarsa ba tare da "Baba" ko "Malam" ba, ya isa ya hura wutar da ciwo ya riga ya kunna. Wannan bai halatta zagi ba, amma yana nuna inda za a toshe ɓaraka.

5.0 Illa da Mafita

Ma'aikacin da aka zaga da safe, hannunsa ba zai natsu a bakin wanda ya biyo baya ba. Wasu kan haɗiye abin, suna ganin wani ɓangare ne na aiki. Wasu kan nemi canjin wuri ko su bar ƙasar. Asarar a kan talaka take komawa, domin layi ƙara tsawo yake yi.

A 2019 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da Yarjejeniya ta 190 a kan cin zarafi a wurin aiki, Nijeriya kuma ta amince da ita a 2022. To amma takarda ba ta tare mari. Ya kamata kowane asibiti ya ajiye littafin rubuta irin wannan ƙara, ya liƙa farashi da Hausa da Turanci, ya sanar da masu jira tsawon jiransu, kuma kada a bar ma'aikaciya ita kaɗai da majinyaci. Sashen Hausa ma yana da nasa aikin: haɗa kai da Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero, a tsara kalmomin sassan haƙori da ayyukansa, a koya wa ɗalibai ladubban magana da mai ciwo.

6.0 Kammalawa

An ga yadda sanayya ta kāre wanzami, da yadda rashinta ya bar ma'aikacin zamani a fili. Ba za a iya mayar da Bata ƙauye ba, amma bayani a harshen da majinyaci yake ji zai maye gurbin wani abu na wannan sanayya. Magana zarar bunu ce: wajibi ne mai ciwo ya kiyaye tasa, mai magani kuma ya gyara tasa.