Amsoshin Tambayoyinku: Me Ake Kallo a Tseren Motocin Talladega?

Tambaya: Shekarata biyu ke nan a Greensboro, jihar North Carolina ta Amurka, ni da iyalina. Maƙwabcina, wanda muke zaman mutunci da shi, ya matsa sai mun bi su Talladega kallon tseren motoci, a tashi ranar Juma'a a dawo daren Lahadi. Na leƙa abin a talabijin, ban ga komai ba sai motoci suna ta zagaya wuri ɗaya. Shin akwai abin da ya isa a kwashi yara a yi tafiyar kusan awa bakwai dominsa? In akwai, wane shiri zan yi? Daga wani mai karatu a Greensboro.

Amsa: Malam, ka amsa gayyatar nan. Talabijin ce ta cuce ka, domin kyamara tana bin motocin ne, ita da su gudu ɗaya, sai ido ya ga kamar tafiya suke a natse. A filin kuwa kai ne a zaune wuri ɗaya. Za ka fara jin gunji daga can nesa kamar hadari na tasowa, kafin ka gyara zama motoci kusan arba'in sun zo sun wuce a dunƙule, uku-uku a jere, kowace tana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Bencin da kake kai zai yi rawa, ƙarar ta dake ka a ƙirji, iskarsu ta biyo baya da warin ƙonanniyar taya. In kujerarka tana ƙasa kusa da shinge, har ɓurɓushin roba za ka karkaɗe daga hannun riga. Kafin minti ɗaya ya cika sun sake dawowa, ga shi kuwa zagaye ɗaya na filin Talladega mil 2.66 ne, wato ya haura kilomita huɗu.

Abin dariyar shi ne a gidan wasan kake zaune ba ka sani ba. Yamma da Greensboro, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, akwai gundumar Wilkes, kuma a irin waɗannan ƙauyukan na gindin duwatsun Appalachia tseren ya samo tushe. Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933, bayan an ɗage haramcin kuma aka ci gaba da dafa ta a ɓoye don gudun haraji. Masu fasa-ƙwaurinta suna buƙatar motar da in an gan ta a hanya za a ce ta malamin makaranta ce, amma in an taka totur jami'an gwamnati su sha ƙura. Sai su ƙara wa inji ƙarfi, su ɗaure sifirin baya don kada nauyin kaya ya tona asiri. Ranar hutu kuma sai gardama ta tashi kan motar wa ta fi gudu, a je fili a gwada. Junior Johnson, ɗan gundumar ta Wilkes, da wannan sana'ar ya tashi, har ya yi zaman kurkuku na wata goma sha ɗaya a kanta, daga baya ya ci tsere 50 a babban rukuni. Shugaba Reagan ya yi masa afuwa a 1986.

Wani makaniki mai suna Bill France ne ya tara masu ruwa da tsaki a wani otal a Daytona Beach a Disambar 1947, aka kafa hukumar NASCAR a 1948. Dokar babban rukuninta a farko ita ce a yi tsere da motar da kowa zai iya saye a shago, ba tare da an taɓa ta ba, abin da sunan wasan ke nufi ke nan, wato tseren motar shago. A tseren farko na wannan rukuni, a Charlotte cikin Yunin 1949, Glenn Dunaway ne ya riga kowa, amma da aka duba ƙarƙashin motarsa aka ga an ɗaure mata sifiri irin na masu safarar barasa, sai aka ƙwace aka ba Jim Roper. Yau sunan kawai ya rage. Za ka ga an rubuta Chevrolet ko Ford ko Toyota, amma ƙofa ba ta buɗuwa, ta taga direba yake shiga. Fitilun gaba sitika ce aka manna, kuma cikin motar kujera ɗaya ce a tsakiyar kejin ƙarfe.

To yanzu ga ainihin tambayarka, me ake kallo? A Talladega iska ake kallo, duk da ba a ganinta. Motar da take gaba ita ce ke keta iska, tana shan wahala. Wadda ta manne mata a baya tana tafiya cikin ramin da ta farko ta buɗe, ba ta ƙona mai sosai, kuma tana da ragowar ƙarfi a ajiye. Su biyun a haɗe sun fi kowace ɗaya gudu ita kaɗai, layi mai mota goma kuma ya fi mai mota uku. Junior Johnson ɗin nan ne ya gano dabarar a Daytona a 1960, ya ci tseren da motar da ba ta kai ta abokan hamayyarsa gudu ba. Saboda haka babu direban da ke cin Talladega shi kaɗai. Dole ya sami wanda zai tura shi daga baya, hanci a kan bamba, a wannan mugun gudun. Wanda ya fita daga layi don ya sha gaba, in ba wanda ya bi shi, cikin zagaye ɗaya sai ka gan shi ya zame daga na uku ya koma na ashirin da wani abu, kamar an ɗaura masa dutse. Zagaye 188 ake yi, kuma kusan duka cinikin amana ne: wa zai bi wa, masu Ford za su haɗa kai ne ko za su watse, wa ke lallaɓa mai don ya rage tsayawa. A zagayen ƙarshe kowa ya san abokin da ya tura shi tun azahar shi ne zai fara yaudararsa. Ni dai wannan ne ya sa nake ganin Talladega ya fi dacewa da baƙo, domin jagoranci yakan sauya hannu sau da dama, ba a barin mai kallo ya yi gyangyaɗi.

Wannan cunkoson da gangan aka ƙirƙire shi. A 1987 Bill Elliott ya zagaya filin da gudun mil 212.8 a awa, sama da kilomita 340. A tseren da ya biyo baya a makon tayar Bobby Allison ta fashe, motarsa ta tashi sama ta yage shingen da ke gaban 'yan kallo. Daga shekarar da ta biyo baya aka riƙa taƙaita iskar da ke shiga inji a Talladega da Daytona. Gudu ya ragu, amma motocin suka zama kusan kai ɗaya, ba mai iya tsere wa wani. Illar ita ce in ɗaya ta goce sai ta kwashi goma ko fiye. Ka shirya wa yara wannan tun a hanya, don kada su firgita in sun ga hayaƙi da tartsatsi. Ka gaya musu tun bayan rasuwar direba Dale Earnhardt a zagayen ƙarshe na Daytona 500 a Fabrairun 2001 aka tilasta abin tallafar kai da wuya, aka kuma sa bango mai shanye duka. Sau da yawa za su ga direba ya fito ta taga daga motar da ta ragargaje, yana ɗaga wa jama'a hannu.

Shawara ɗaya da ba na so ka tsallake: kowa a cikinku ya zaɓi mota guda ya riƙe lambarta. Wanda ya ce zai kalli arba'in lokaci ɗaya ba zai ga ko ɗaya ba. Sannan ka yi hayar rediyon kunne da ake bayarwa a filin. Da shi za ka ji direbanka yana magana da mai yi masa leƙe, wani mutum da ke tsaye can saman rufin benci da madubin hangen nesa yana gaya masa akwai mota a damarka, akwai a hagunka, yanzu ka fita, domin hular kwano da ɗaurin wuya ba sa barin direba ya waiga. In rai ya ɓaci direbobin nan bakinsu ba linzami, don haka kai ka fara saurara kafin ka miƙa wa yaro. Ka kuma sa ido a layin gyara, inda mutum biyar ke tsallako katanga su canja taya huɗu cikin kusan daƙiƙa goma. Tutoci ba su da wuya: kore a tafi, rawaya a rage gudu an yi haɗari, ja a tsaya, fara saura zagaye ɗaya, mai ɗigon baƙi da fari an gama. Abin toshe kunne kuwa wajibi ne, musamman ga yara. Na taɓa raina wannan gargaɗin, na kwana biyu kunnena yana kuka.

Maƙwabcinka bai ce a tashi Juma'a don tseren Lahadi kaɗai ba. Ranar Asabar akwai na rukuni na biyu, amma babban abin shi ne zaman. Dubban iyalai ke kafa tanti ko su zo da motar da ke da ɗaki da kicin, a hura gawayi, a yi gashi, wanda ba ka taɓa gani ba ya miƙo maka faranti. Wasu wuri ɗaya suke sauka duk shekara tun zamanin kakanninsu. Sai dai zan gaya maka gaskiya: tsakiyar filin Talladega ta yi suna da shagalin dare da shan barasa, ba wurin kwanan yara ba ne. Ku nemi sansani mai natsuwa a waje, ko ɗaki a Oxford ko Anniston da ke kusa, ko Birmingham, kuma a kama da wuri don cika suke yi. Gashin mutanen kudancin Amurka yawancinsa alade ne, don haka ku tsaya a Atlanta ku sayi naman halal, Hajiya ta haɗo yajinta daga gida, ka zo da wayar gashinka daban. Tsire ɗaya in ya zagaya tantunan maƙwabta, ka yi abokai. Yawancin filayen suna barin a shiga da ƙaramar kula mai laushi ta abinci da ruwa, amma a duba girman da suka yarda da shi. Ka sa darduma a but, bayan mota ma wuri ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma na san yana ranka: yaya baƙar fata zai ji a can? Wasa ne da ya tashi a Kudu, kuma yana da tabo. Wendell Scott, baƙar fata na farko da ya ci a babban rukuni, ya ci tsere a Jacksonville a Disambar 1963, aka sanar da wani a matsayin zakara, sai daga baya aka gyara, kofin kuwa sai a 2021 aka miƙa wa iyalinsa, shekara talatin bayan rasuwarsa. A 2020 hukumar ta haramta tutar tsoffin jihohin Kudu masu kare bauta a filayenta, ko da yake za ka iya ganinta a bakin hanya. Baƙar fata na biyu da ya ci a babban rukuni shi ne Bubba Wallace, mai lamba 23, a ƙungiyar da tsohon ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan yake da hannun jari, kuma a Talladega ɗin nan ya ci, cikin Oktoban 2021. Har yanzu in an kira sunansa za ka ji tafi haɗe da ihun ƙi. Tafiya da maƙwabcin da ya san wurin ta fi tafiya kai kaɗai.

Hanya ba ta da ruɗani: babban titi mai lamba 85 zuwa Atlanta, sannan mai lamba 20 zuwa yamma. Ku yi sammako don kada gosulon yammacin Juma'a na Atlanta ya riƙe ku. Da kun shiga Alabama agogo zai koma baya da awa ɗaya, ka lura da wannan wajen lokutan salla da na tsere. Fita daga wurin ajiye motoci bayan an tashi kan ci awa guda ko fiye, ga awar da agogo zai karɓe a komowa, don haka dawowar daren Lahadi da yara za ta kai ku tsakar dare. Kuma ba a tsere a Talladega cikin ruwan sama. Nasarar Wallace ɗin ma ranar Litinin aka yi ta, bayan ruwa ya hana ranar Lahadi. Ka nemi hutun Litinin a wurin aiki tun yanzu. In kuma Hajiya ta ce awa bakwai ta yi wa ƙaramin yaro yawa, ku fara gwadawa da Martinsville a Virginia, tafiyar kusan awa ɗaya daga gidanku, filin rabin mil inda daga kujerarka kana ganin ko'ina, kuma wanda ya ci dogon agogon tsaye ake ba shi ya kai gida.