Amsar Tambaya: Wane Dashen Lemun Tsami Ya Dace da Belbeji?

Wata uwargida daga Belbeji ta tambayi yadda za ta gane lafiyayyen dashen lemun tsami kafin ta biya kuɗi.

Ta fara duba ganye: ya zama kore shar, ba rawaya, ba nannaɗewa, ba ƙwari maƙale a bayansa. Sannan ta ɗaga ledar dashen. In saiwa ta huda ta fito, dashen ya daɗe a ciki, zai yi wuyar kamawa. Dashe mai aure ya fi, domin yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, amma ta tabbatar gaɓar auren ta warke.

Belbeji da ke Damargu ba kamar Mirya ba ce, inda lambuna ke da ruwa kusa. Gara ta dasa da damina, wajen 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa a Nijar. Lemu ba ya jure ruwa mai gishiri ko kanwa. Ta zuba ruɓaɓɓen taki, ta riƙa lura da gara, ta kewaye dashen da ƙaya saboda awaki, ta kuma kafa masa zana kafin iskar hunturu ta taso.