Tsohuwar Jif: Kuɗin Saye Daban, Kuɗin Riƙo Daban

Da zarar an kwashe albasa a Aliero kuɗi sun shigo hannu, garejojin Jega sukan fara ganin baƙin motoci. Manomi ko ɗan kasuwa ya sayar da kaya, sai ya ƙudurta sayen mota mai tsayin ƙafa, wadda za ta shiga fadama ta fito, ta kai iyali Birnin Kebbi ko Sakkwato, ta kuma yi kwarjini a ƙofar gida ranar biki. Abin da aljihu ke iya kaiwa gare shi galibi jif ce mai shekara 15 ko fiye a duniya: Highlander, RAV4, Lexus RX300, Pathfinder ko Pilot. Mai wannan rubutu bakanike ne, kuma abin da ya fi gani shi ne mutum ya lissafa kuɗin saye har kwabo, amma na riƙo bai taɓa zuwa masa a rai ba. An sayi doki ba a tanadi harawa ba.

Fetur shi ne farkon abin da ke tsinke aljihu. Kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Jif mai silinda shida takan sha lita 12 zuwa 14 a kilomita 100, inda Corolla ke shan bakwai ko takwas. Kayan gyara kuwa dala suke bi, ita kuma daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Ko inshorar dole ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun Janairun 2023.

Amma abin da ke kashe waɗannan motoci a yankin nan shi ne zafi, da irin maganin da ake yi masa.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kebbi yakan wuce digiri 40. Mota tana sauka daga Legas ko Kwatano, sai wani ya ba da shawara: “Alhaji, a cire tamostat ɗin nan, na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai-tsaye.” Maganar tana da daɗin ji, sai dai ba haka injin yake aiki ba. Tamostat ƙofa ce da ke riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. A injuna da yawa, idan ta buɗe wa ruwa hanyar lagireto, tana rufe wata gajeriyar hanya ta cikin injin. In aka cire ta, wani ruwan sai ya riƙa kewayawa a ciki bai je ya huce ba. Da sanyin hunturu kuma injin ba zai ɗumama ba, kwamfutar mota ta yi ta ƙara masa mai. Fankar da ba ta hutawa ita ma ƙonewa take yi, kuma ba ta sallama. Sai dai direba ya ga tururi tsakanin Jega da Maiyama.

Ga kuma ruwan rijiya. A buɗe murfin lagireton jif da aka shekara ana ɗura mata shi, a sa yatsa a bakin: laka ce ja za ta biyo, tsatsa haɗe da gishirin ƙasa, wadda ta riga ta toshe siraran bututun da ke ciki. Kan waɗannan injuna na alminiyam ne, tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa shi ta ƙone gaskit. Alamar ba ta ɓuya. A zaro sandar auna baƙin mai, in ya koma launin shayi da madara, ruwa ya haɗu da mai, kuma kuɗin aikin ya ninka na ruwan lagireto na kanti sau da yawa.

Kowace mota kuma da ciwon gidansu, wanda aka sani tun tana Amurka. Injin 3.0 na Highlander ta 2001 da 2002 da na RX300 ya yi suna wajen daskarar da baƙin mai idan ana jinkirin juye, har maganar ta kai kotu Toyota ta sasanta a 2007. Injin 2.4 na RAV4 ta wajen 2006 zuwa 2008 shan baƙin mai yake yi, mai ita sai ya riƙa dubawa duk mako. Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 tana da lagireton da kan fashe ta ciki, ruwa ya gangara cikin man giya ya lalata giyabos; Nissan da kanta ta ƙara wa'adin garanti saboda haka, wa'adin da ya riga ya ƙare. Highlander mai silinda shida ta farko da Pilot bel ne ke juya taiminsu, ba sarƙa ba, ana canza shi wajen mil 90,000 zuwa 105,000. A Pilot, in ya tsinke ana gudu, fistin ne zai daki bawul. A lura: agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil 150,000 kilomita 240,000 ne, in ma ba a mayar da shi baya ba.

Aikin ƙafa ba ya ƙarewa, wannan kowa ya sani: shakazoba, bushin, boris. Abin da ke gaggauta shi lodi ne. A jikin ƙofar direba akwai takarda da ke faɗin nauyin da motar ke ɗauka, har da mutanen ciki, amma sai a ga an kwantar da kujerun baya an jibga buhunan albasa ko shanshera, ga mutum uku a gaba. Jif irin wannan ba a-kori-kura ba ce, kan ƙashin ƙaramar mota aka gina Highlander da RAV4. Taya ma a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Wadda tayoyinta huɗu ke ja, idan aka sa mata tayoyi masu bambancin girma, giyarta ce ke biyan bashin.

Wanda ya nace sai ya saya, ya je da bakanikensa, ba na dillali ba, kuma da sassafe kafin a tayar da injin, domin injin mai ɗumi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. A sa kwamfuta. A leƙa ƙarƙashi, don motar da ta zauna a jihohin ƙanƙara na Amurka gishirin titi yakan cinye mata shasi, fenti kuma ya rufe. A duba salansa ko an yashe matatar hayaƙin nan da ake kira indomi. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, in aka bincika ta a intanet, sau da yawa takan fito da hoton motar a wurin gwanjon motocin hatsari ko ambaliya.

Takardun kwastan su ne na gaba. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, Kebbi kuwa tana iyaka da Benin da Nijar, don haka jif ta fasa-ƙwauri mai arahar ban mamaki ba ta wuya a nan. A kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin a biya.

In ciniki ya faɗa, makon farko na gareji ne: juyen baƙin mai da man giya irin wanda littafin motar ya faɗa, wanke lagireto, mayar da tamostat, sabon bel idan ba a san ranar da aka canza shi ba, da matatar iska saboda ƙurar hunturu. Wani kayan ana samu a Jega ko Birnin Kebbi, wani sai an aika Sakkwato, Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas, motar na jiran kwana uku ko mako guda a gareji. Wannan kuɗin da na motar haya a kwanakin jira, a cire su daga abin da ke hannu tun kafin a fara taya mota.