Idan Ɗanku Yana Bakin Daga: Shawarwari Ga Mutanen Gida

Daga Machina har Nguru da Gashuwa, akwai gidajen da ɗansu ko maigidansu ke cikin rundunar Haɗin Kai. Abin da ya fi damun soja a daji shi ne halin da ya baro gida, kuma wannan damuwar ku ne za ku iya rage masa ita.

1. Ku bar shi ya kira. Ba kullum yake samun sabis ba, wani lokacin kuma aiki ne ya hana. Ku dai ajiye waya ɗaya da caji a hannun mahaifiya ko uwargida. Shirun mako guda kada ya hana ku barci. A 2013 an katse layukan Yobe gaba ɗaya, mutane suka yi ta zullumi, daga baya aka ji muryoyin juna.

2. Kada ku tambaye shi inda yake. Ko a Buni Yadi yake ko Geidam, an hana shi faɗin wurin, tambayar takura ce kawai. Hotonsa da kaki ma kada ya hau Facebook, domin tsaronsa da naku.

3. Ku tace labari. Ku gaya masa dami nawa aka samu na gero, wane yaro ya sauke izu, tunkiya ta haihu. Rigimar kishiyoyi da ta iyakar gona a kai wa kawu ko mai unguwa, tunda daga can ba abin da zai iya sai ɓacin rai. Amma rashin lafiya mai tsanani ko rasuwa, a sa babba ya sanar da shi a natse, kafin ya ji a bakin wani.

4. Tsaraba mai jure zafi. Kilishi, ƙuliƙuli, yaji, garin kunu da busasshen kifin Gashuwa duk suna daɗewa. Da hunturu a haɗa da safa da man shafawa, sanyin dare a daji ba wasa ba ne.

5. Ku haɗa takardu wuri ɗaya. Lambarsa ta soja, sunan bataliyarsa, takardar aure da ta haihuwar yara. Ku tambaye shi sunan wa ya rubuta a matsayin magaji. Maganar ba daɗi, na sani, amma da wannan sunan hukuma ke aiki.

6. Kuɗin da ya turo, a fara da hatsi. Da kaka gero ya fi araha, a saya a adana. Wanda ya bugo ya ce an ji wa sojanku rauni, a turo kuɗi yanzu, kada ku tura ko sisi sai kun tabbatar, ko da ta hanyar tambaya a barikin Nguru ne.

7. Idan ya zo hutu, ku bar shi ya yi barci. A rage masu zuwa gaisuwa a ranar farko, kada a tsare shi da tambayar abin da ya gani. In kun ga yana firgita cikin dare ko saurin fushi, ku lallashe shi ya ga likita kafin ya koma.